Yadda Ake Lissafin Kuɗin Canza Rufin Gida

Duk shekara, da hadari ya fara haɗowa daga gabas a ƙarshen bazara, wayar kafintoci ba ta hutawa. Wanda kwanonsa ya yi ta yoyo bara ya tuna da robobin da aka jera a tsakar ɗaki, wanda iska ta yaye wa gefe guda kuwa ba shi da zaɓi. Sai a kira kafinta, ya zagaya gidan, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya yanke kuɗi. A kira na biyu, ya faɗi abin da ya kusa ninka na farko. Maigida ya rasa wanda zai gaskata. Sau da yawa kuma babu macuci a cikinsu. Kowanne da irin rufin da yake gani a zuciyarsa: wannan na lissafa sirirtaccen kwano a kan tsohon katako, wancan na lissafa sabon katako da kwano mai kauri, amma duka biyun sunan abin da suka faɗa “kuɗin rufi”.

Na shiga wannan ruɗanin da kaina lokacin da za mu canza rufin gidan da mahaifiyarmu ke zaune. Mutum uku muka kira. Biyu sun tsaya a tsakar gida suka ba mu kuɗi. Na ukun, wani dattijo, ya ce a kawo masa tsani. Ya ɗaga silin ɗaya ya shige da tocila da sukundireba a hannu, ya daɗe a ciki, sannan ya leƙo ya ce, “Ɗana, hawo ka gani da idonka.” Na hau. Ya soka sukundireban a jikin katakon da ke kwance kan bango, sai ya nutse har ƙota, gari na zubowa. Daga waje katakon lafiya lau, ciki kuwa gara ta gama da shi. Na ce, “Baba, ke nan duka za a cire?” Ya ce, “Na gabas da na kudu dai babu su. Sauran sai an buɗe.” Kuɗinsa ya fi na kowa, kuma shi kaɗai ne ya san abin da yake yi wa kuɗi.

Lissafi yana farawa ne daga awo, kuma a nan mutane da yawa suke fara ɓata. Girman rufi ya fi girman ginin da ke ƙarƙashinsa, saboda dalili biyu. Na farko shi ne bakin kwanon da ke zarce bango don kare shi daga feshin ruwa, wanda galibi akan bar masa kamar ƙafa 2, wato santimita 60. Mu ɗauki gida mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10. Ƙasansa murabba'in mita 120 ne. Idan aka ƙara santimita 60 a kowane gefe, ya koma mita 13.2 da mita 11.2, wato kusan murabba'in mita 148. Tun ba a ɗaga rufin ba an sami ƙarin 28.

Dalili na biyu shi ne tudun rufin. Kafinta zai tambaye ka, “Ƙafa nawa za a ɗaga shi?” Wannan tambayar kuɗi ce tsagwaronta. Duk magini ya san ƙa'idar 3, 4, 5 da ake fitar da kusurwar gini da ita. Ita ce dai take aiki a rufi. Idan rufi ya tashi mita 3 a cikin tafiyar mita 4, gangarensa mita 5 ne, wato kwano ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. A gidan da muka ɗauka, in an ɗaga tsakiyarsa kamar ƙafa 4 da rabi, gangaren ya kai digiri 15, kwanon da za a rufe bai wuce murabba'in mita 153 ba. In an ɗaga ƙafa 9 da rabi, digiri 30 ke nan, ya koma 171. In kuwa aka yi irin dogon rufin nan da ake yayi a sababbin unguwanni, mai digiri 45, wanda tsakiyarsa ya haura ƙafa 16, to ana maganar 209. Gida ɗaya, bango ɗaya, amma tsakanin mai kwanciya da mai tsayi akwai murabba'in mita 56 na kwano, ban da dogayen katakai da ƙarin ladan masu hawa. Tudu yana da amfaninsa, ruwa ba ya kwanciya, ɗaki kuma ya fi sanyi saboda iskar da ke tsakanin kwano da silin. Amma abin da ya wuce matsakaici ado ne, kuma ya kamata mai gida ya san nawa yake biya don adon kafin ya ce a yi.

Siffar rufin ma tana da nata kason. Rufi mai gangare biyu da mai gangare huɗu, in tudunsu ɗaya ne, faɗin kwanonsu ɗaya ne a takarda. Bambancin yana wurin yanka. Mai gangare huɗu sai an yi ta yanke kwano a karkace a kowace kusurwa, kuma guntayen ba su cika moruwa ba. Shi ya sa ake ƙara kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na asara a rufi mai sauƙi, a ƙara 10 zuwa 15 ko fiye a mai kusurwoyi da yawa. Kowane lungu da aka ƙara wa gini, kowace baranda da aka yi wa rufinta daban, tana haifar da kwari inda rufi biyu suka haɗu. Kwarin nan yana buƙatar nasa kwanon da ruwa zai bi, kuma nan ne yoyo ya fi farawa.

To, da an san girman rufi sai a zo kan abin da za a rufa. Kwano na gargajiya da bandir ake sayar da shi, falle 20 a bandir, kowane falle tsawonsa ƙafa 6. Sai dai falle ba ya rufe dukan girmansa, domin dole a ɗora bakin wannan kan wancan. Idan aka ɗora inci 6 a tsawo, saura ƙafa 5 da rabi. Idan faɗin da ya rage bayan ɗorin gefe ƙafa 2 ne, falle ɗaya ya rufe kusan murabba'in mita 1, bandir ya rufe kamar 20. Rufinmu mai 171 zai ci bandir 8 da rabi, da asarar yanka ya kai 9 zuwa 10. Faɗin kwano ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a auna wanda za a saya a sake lissafin da shi. Wanda ya ce maka bandir 7 zai isa, to ɗori zai rage, kuma ɗorin da aka rage shi ne ƙofar da ruwa ke bi ya komo ciki ranar da aka yi ruwa da iska.

Dogon kwanon alminiyam da mita ake sayar da shi, a yanko shi daidai tsawon gangaren rufin, babu ɗori a tsakiya, shi ya sa yoyonsa ya yi ƙaranci kuma ba ya tsatsa. A nan abin tambaya shi ne kauri. Akwai 0.45, akwai 0.55, akwai 0.7, duka awon milimita ne. Ido ba ya raba 0.45 da 0.55, amma na biyun ya fi na farko ƙarfe da kashi 22 cikin ɗari, kuma ƙarfen ake biya. Idan takardu biyu duka sun ce “alminiyam” ba tare da kauri ba, ba a san abin da ake kwatantawa ba. Koke-koke sun yi yawa a kan sayar da wanda bai kai kaurin da aka ambata ba, don haka ni ina ganin wajibi ne a auna. Akwai ɗan ƙarfen awon kauri da ake kira maikuromita, masu sayarwa na gaskiya ba sa jin haushi in ka ce a gwada a gabanka. A kuma tambaya ko farashin na mitar tsawo ne ko na murabba'in mita, domin fallen da aka lanƙwasa ya yi tudu da kwari ba ya rufe faɗin da yake da shi lokacin yana shimfiɗe.

Sai kuma kwano mai yashi a bayansa, wanda mutane ke kira Gerard ko da na wani kamfanin ne. Yana da kyan gani, kuma yana rage ƙarar ruwan sama. Amma tsadarsa ba ta tsaya a kan fallen ba. Ya fi alminiyam nauyi nesa ba kusa ba, ƙananan fallaye ne kuma, kowane layi sai an gicciya masa katakonsa, tazarar kusan santimita 37. Wannan ya kai mu ga inda kuɗi ke ɓuya.

Katako shi ne ƙashin rufi, kuma shi ne ba a gani bayan an gama. Akwai wanda ake kwantarwa kan bango, akwai rafta da ke tashi zuwa ƙololuwa, akwai masu tokare su daga ciki, akwai ƙananan da ake gicciyawa a buga kwano a kansu, sai allon da ke rufe bakin rufin. A kasuwa da inci ake kiransu, tu-bai-tu, tu-bai-tiri, tu-bai-fo, tu-bai-sis, galibi tsawon ƙafa 12. Mu koma gidanmu mai digiri 30. Gangarensa daga ƙololuwa zuwa baki kusan mita 6 da rabi ne. Kwano na bandir yana buƙatar kamar layi 9 na gicciye a kowane gefe, kowane layi mai mita 13.2 yana cin katako 4, jimilla 72. In mai yashi ne, layukan sun kai 18 ko 19 a gefe, katako kusan 150. Ninki biyu ke nan, da ƙusarsa da aikinsa.

Haka jerin rafta. Idan aka jera su tazarar ƙafa 4, bango mai mita 12 zai ɗauki jeri 11. Idan aka buɗa tazarar zuwa ƙafa 6, jeri 8 sun isa. Kafintan da ke son ya karya farashi ya san wannan sarai: ya cire jeri uku, ya sa tu-bai-tiri inda ya kamata a sa tu-bai-fo, takardarsa ta yi sauƙi, mai gida ya ji daɗi. Ranar da aka gama babu wanda zai gane. Bayan damina biyu ko uku sai a ga bayan rufin ya fara lotsawa kamar doron tsohon jaki, ƙusoshi su saki, ruwa ya sami hanya. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai a harkar, domin wanda aka yi wa haka yawanci mai ƙaramin ƙarfi ne da ya daɗe yana tara kuɗin.

Irin itacen ma magana ce. Wanda ya taɓa shiga 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano ya san cewa katako biyu masu awo ɗaya suna iya bambanta sosai a kuɗi. Mai tauri ya fi tsada, fari mai laushi irin obece ya fi araha kuma ya fi saurin cin gara. Mafi yawansa daga dazuzzukan kudu ake hawo da shi, don haka kuɗin dizal na cikin farashinsa tun kafin a sauke shi. Ɗanyen katako yana murɗewa idan ya bushe a kan gini. Sannan tu-bai-fo na kasuwa ba lalle ya cika inci 2 da 4 ba, a riƙa tafiya da tef. Kakanninmu sun san dalilin da ya sa suke rufa soro da azarar giginya, gara ba ta cika iya mata ba. Katakon yanzu sai an shafe shi da maganin gara, kowane gefe, har da bakin da aka yanka. Wasu baƙin mai kawai suke shafawa. Duk wanda za a yi, a rubuta shi cikin lissafi, da kuɗin maganin da na mai shafawa. Masu hali sun fara komawa ƙarfe a madadin katako. Ya fi tsada a farko, aikin mai walda ne, amma an huta da gara.

Canza rufi ya bambanta da rufa sabon gini ta wuri ɗaya babba: ba ka san abin da za ka tarar ba sai an yaye. Shi ya sa dattijon nan ya ce sauran sai an buɗe. Hanyar da ta fi adalci ita ce a yi yarjejeniya tun farko a kan kuɗin canza kowane katako ɗaya, saye da aiki, sannan ranar da aka cire kwano a hau tare a ƙirga waɗanda suka mutu. Da haka ba a zargi kafinta da ƙari ba, shi kuma ba zai ji tsoron faɗin gaskiya ba. Mai gida kuma ya ware kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na jimillar kuɗin don ko-ta-kwana. Mu a gidanmu da aka buɗe, sai ga saman bango ya tsage a wuri biyu, sai da aka kira magini da siminti kafin a ɗora komai.

Cire tsohon rufin aiki ne mai kuɗinsa: leburori, sauke kwano ba tare da an fasa taga ba, kwashe tarkace. A tantance wa ke da tsohon kwanon, domin kuɗi ne. Mai ɗan dama-dama yana rufa kicin ko turken awaki, ruɓaɓɓen kuma 'yan gwangwan suna saye da kilo. A duba silin: in ruwa ya jiƙa shi ya kumbura, ko in fi-o-fi ne, wato silin filasta, da zai iya tsagewa lokacin bugu, a sa shi a lissafi. Wayoyin lantarki suna bin cikin rufi, a kira mai gyaran wuta ya cire ya mayar. In kuma tsohon silin ko rufin na asbestos ne, kada a bari yara su farfasa shi. Ƙurarsa tana jawo cutar huhu har da daji. A jiƙa shi da ruwa, a sauke shi a cikakkensa, masu aikin su rufe hanci da baki.

Akwai ƙananan kaya da ake mantawa, waɗanda in an tara su sai su ba da mamaki: ƙusar katako ta inci 3 da 4, ƙusar kwano mai hula, murfin da ake kifawa a ƙololuwa da kusurwoyi wanda da mita ake auna shi, kwanon kwari, da kuɗin a-kori-kura daga kasuwa zuwa gida da ladan masu lodi. A cikinsu akwai wanda ba na yarda a tsallake, wato ɗaurin rufi da bango. Iskar farkon damina ba danna rufi take yi ba, ɗaga shi take yi, ta shiga ta ƙarƙashin baki da kusurwa ta yi sama da shi. Langa-langa ko rodin da aka dasa cikin bango aka naɗe katako da shi, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba in an gwada da bandir ɗaya na kwano. Yawancin rufin da muke gani kwance a kan titi ko a gidan maƙwabci bayan guguwa, da katakonsa ya tashi gaba ɗaya, domin ba a ɗaure shi ba.

Gidajen da aka ɗaga bango ya ɓoye rufin suna da nasu lissafin. Kwanonsu kaɗan ne tunda babu baki mai zarcewa, iska kuma ba ta samunsa sosai, amma duk ruwan a magudanar kankare yake taruwa. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Ruwan milimita 50, irin wanda akan yi a dare ɗaya cikin Agusta, a kan rufi mai 120 lita 6,000 ne, kuma dole ya fita ta indararo. In magudanar ta tsage ko indararon ya yi ƙanƙanta, sabon kwano ba zai hana bango jiƙewa ba. Gyaranta da shafa mata abin hana ruwa ya shiga takarda.

Kuɗin aiki kuwa hanya biyu ce. Ko dai ka sayo kayanka ka ba da jinga, ko ka ba da kwangila gaba ɗaya, kaya da aiki. Ta farko tana ba ka damar ganin kowane katako da idonka, sai dai in kaya sun gaza ko sun yi saura, kai ne da asara, kuma tana cin lokaci. Ta biyu tana hutar da kai, amma sai da takarda mai bayani filla-filla, in ba haka ba ribar ɗan kwangila daga kaurin kwanonka za ta fito. Ladan yana hawa da tsayin gini, da tudun rufi, da yawan kusurwoyi. Bene ba ɗaya yake da gidan ƙasa ba, saboda katakon hawa da haɗarin faɗuwa. Kafin-alƙalami a ba da shi daidai gwargwado, sauran a biya mataki-mataki: bayan cirewa, bayan an gama katako, bayan an buga kwano. Matakin katakon nan shi ne lokacin da mai gida zai hau ya ƙirga jeri, ya auna tazara, ya ga ɗauri, tun ba a rufe ba. Yana da kyau kuma a yarda cewa wani ɗan kaso zai jira ruwan farko. In aikin babba ne, kuɗin da za a ba masanin ƙididdigar kayan gini ya fitar da jadawalin kaya yakan dawo da kansa.

Saura farashi. Da gangan na tsaya a kan adadin kaya, domin adadi ba ya canzawa, farashi kuwa na ranar ne. Yawancin naɗin ƙarfe da alminiyam da masana'antunmu ke lanƙwasawa daga waje ake shigo da su. Kamfanin narkar da alminiyam na Ikot Abasi a jihar Akwa Ibom ya daɗe ba ya aiki yadda aka tsara, masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta kuma har yau ba ta kai ga fitar da ƙarfen da aka gina ta dominsa ba. Don haka kwano yana bin dala. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 da sakin naira a watan Yunin shekarar, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kayan rufi da kuɗin mota suka bi ta. Wanda ya riƙe takardar lissafin da aka yi masa kafin nan ya ga ta zama tarihi. Saboda haka kowace takarda a sa mata kwanan wata, a kuma tambayi kwana nawa farashin zai tsaya. Wanda ke tara kuɗi a hankali, ya fi masa ya riƙa sayen kwanon yana ajiyewa a busasshen wuri, a ɗage daga ƙasa, da ya ajiye nairar.

Lokaci ma yana cikin kuɗin. Daga Nuwamba zuwa Maris ana iya yaye gida a bar shi kwana uku a buɗe ba fargaba, katako ya bushe, kafinta kuma yana da sararin zama ya yi lissafi da kai. Da an shiga Mayu, kowa na neman mai gyara a lokaci ɗaya, aikin ya koma na gaggawa, a ƙara kuɗin tamfol, a riƙa buga kwano ana duban gabas. Mu a watan Janairu muka yi namu. Dattijon ya rubuta komai a takardar makaranta shafi biyu: awon gida, ƙafar da za a ɗaga, kaurin kwano, adadin kowane irin katako da tazararsa, kilo nawa na ƙusa, galan nawa na maganin gara, ladan cirewa daban, na bugawa daban. Na kai wa sauran biyun kwafinta na ce kowa ya sa farashinsa a kan waɗannan kayan. Da suka dawo da ita, tazarar da ke tsakaninsu da shi ta ragu ƙwarai, ɗayansu ma har ya ɗara shi da kaɗan.